Yadda Ake Auna Gudun Iska a Duniyar da Ido Bai Taɓa Gani Ba

A shekarar 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniyar da ake kira 51 Pegasi b, da wani madubin hangen nesa da ke kudancin Faransa. Ƙatuwar duniya ce ta iskar gas, dangin Jupita, wadda malamanmu na falaki ke kira Mushtari. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne tana gama zagaye tauraronta cikin kwana huɗu da 'yan awoyi, alhali Jupita tamu sai ta yi kusan shekara 12 kafin ta zagayo rana. Daga baya aka yi ta samun ire-irenta da yawa, aka laƙaba musu suna Jupita masu zafi. Babu ɗaya daga cikinsu da aka taɓa ɗaukar hoton fuskarta, domin hasken tauraron ya haɗiye ta. Duk da haka yau ana iya cewa iska kaza tana gudun kilomita kaza a kansu, kuma ta nufi gabas. Ga yadda ake yin wannan aiki. Mafi yawan lissafin za ka iya binsa da takarda da alƙalami da kalkuletar wayarka.

Fara da zaɓen duniya da tattara alƙalumanta

Ka zaɓi wadda take gittawa ta gaban tauraronta idan an hango ta daga nan, don ita ce ake sanin girmanta. Ina ba da shawarar HD 189733b, wadda aka gano a 2005, mai nisan kusan shekarar haske 64, wato tafiyar da haske ke yi cikin shekara 64. Tana kusa, tauraronta yana da haske, an kuma auna ta ta hanyoyi biyun da za mu bi. Rumbun NASA Exoplanet Archive a buɗe yake kyauta a intanet. Alƙaluma uku kake bukata daga can. Tsawon zagayenta kwana 2.22 ne, wato awa 53 da 'yan mintoci, ko sakan 191,700. Daga tsakiyarta zuwa gefenta ya ninka na Jupita sau 1.14, kusan kilomita 81,500 ke nan. Tsakaninta da tauraronta kuwa kilomita miliyan 4.6, ga shi mu tsakaninmu da rana miliyan 150 ne. Rubuta su a saman takardarka, za mu yi ta komawa kansu.

Lissafa juyin duniyar kafin ka taɓa maganar iska

Wannan ne matakin da masu gaggawa ke tsallakewa, kuma shi ke kayar da su. Duniyar da ta matso kusa da tauraronta haka, ƙarfin jan tauraron yakan ɗaure juyinta, ta koma tana nuna masa fuska ɗaya kullum, kamar yadda farin wata ke nuna mana fuska ɗaya tun kaka da kakanni. Saboda haka rabinta rana ce da ba ta faɗuwa, rabinta dare ne da gari ba ya wayewa. Juyi ɗaya a kan kanta daidai yake da zagaye ɗaya na tauraron.

To sai ka nemo gudun wannan juyi a tsakiyar cikinta. Ninka 81,500 da 6.28, za ka sami kewayenta, kusan kilomita 512,000. Raba da sakan 191,700. Amsa: kilomita 2.7 a sakan ɗaya. Ja layi a ƙarƙashin wannan adadi. Ko da babu iska ko kaɗan, gefen duniyar ɗaya zai riƙa tahowa wajenmu da wannan gudu, ɗayan yana ja da baya da shi. Duk wanda ya auna motsi bai cire wannan ba, ya auna juyi ne ya kira shi iska.

Wani abu kuma: idan an ce gabas a nan, ana nufin wajen da duniyar take juyawa zuwa gare shi, kamar yadda yake a tamu.

San abin da kake nema

Kowa zai yi zaton iska za ta taso daga ɓangaren rana mai zafi ta watsu ko'ina zuwa ɓangaren dare, kamar ruwan da aka zuba a tsakiyar faranti. A can sama, inda iskar ta yi siriri, kusan haka abin yake. Amma a ƙasa kaɗan labarin ya canza. A 2002 Adam Showman da Tristan Guillot suka gwada lissafin a kwamfuta, sai suka ga wata faffaɗar igiyar iska ta ɗaura wa duniyar ɗamara a tsakiya, tana gudu gabas, ta fi ita kanta duniyar saurin juyawa. A 2011 Showman da Lorenzo Polvani suka fito da dalilin. Bambancin zafin rana da dare yana tayar da manyan raƙuman iska iri biyu. Na tsakiya, mai sunan Kelvin, yana karkata gabas. Na arewa da kudu, mai sunan Rossby, yana karkata yamma. Idan suka haɗu sai tsarin iskar ya yi siffar kan kibiya mai nuna gabas, wannan karkacewar ce ke tattaro ƙarfin gudu daga arewa da kudu tana zuba shi a tsakiya.

Ga abin da ya shafe ka: idan wannan igiya tana nan, za ta kwashi zafi daga wurin da tauraron yake tsaye a tsakiyar kai ta kai shi gaba. Wuri mafi zafi zai gusa gabas. Mun san irin wannan a gida. Rana tana tsakiyar kai da tsakar rana, amma zafin da ke hana mutum sakat sai bayan azahar yake kai ƙarshe, don ƙasa da iska suna ɗaukar lokaci kafin su ɗauki zafi, suna ɗaukar lokaci kafin su sake shi. A can dai haka ne, sai dai iska ce ke tafiya a ƙarƙashin ranar da ke tsaye cak.

Hanya ta farko: bin hawa da saukar haske

Ana kafa madubin a kan tauraron ana auna jimillar haskensa ba ƙaƙƙautawa, gwargwadon zagaye guda ko aƙalla rabinsa. Hasken da ya dace shi ne infared, hasken zafi wanda ido ba ya gani, domin a nan ne duniyar ke fitar da nata. Abubuwa uku za su bayyana a zanen. Na farko wani rami mai zurfi, lokacin da duniyar ta gitta gaban tauraron ta tare kusan kashi 2.4 cikin ɗari na haskensa. A lokacin bayanta mai dare ne ke fuskantarmu. Daga nan haske zai riƙa hawa a hankali, saboda ɓangaren rana yana juyowa wajenmu. Sai kuma ƙaramin rami, lokacin da ta ɓuya a bayan tauraron, wato husufinta. Zurfin wannan ƙaramin ramin shi ne hasken fuskarta mai rana, kuma a awon HD 189733b da za mu gani yanzu bai wuce kashi 0.34 cikin ɗari ba.

Yanzu ga tambayar da komai ya rataya a kanta: yaushe haske ya kai ƙololuwa? In babu iska, zai kai ne daidai lokacin husufi, don a lokacin ne tsakiyar ɓangaren rana yake kallonmu. In ya kai kafin husufi, wurin zafin ya gusa gabas. In bayan husufi ne, yamma ya gusa. Haddace wannan ƙa'ida.

A 2007 Heather Knutson da abokan aikinta suka fitar da sakamakon irin wannan awo, bayan madubin Spitzer ya yi kusan awa 33 yana kallon HD 189733b. Ƙololuwar hasken ta riga husufi da kusan awa 2.3. Mayar da shi digiri da kanka: raba 2.3 da 53, ninka da 360, za ka sami kusan digiri 16. Da suka yayyanka duniyar gida-gida daga gabas zuwa yamma suka zana taswira, yankin da ya fi zafi ya faɗo wajen digiri 30 gabas. Ɓangare mafi zafi ya kai kusan digiri 940 a ma'aunin Salsiyas, mafi sanyi kusan 700. Ka lura da wannan tazara ta 240 kacal. Ga wurin da bai taɓa ganin rana ba amma yana 700. Wani abu ne ke kai masa zafi, kuma babu mai wannan dakon sai iska.

Daga digiri zuwa gudu

A nan sai an yi hattara, don gusawar wurin zafi ba ta ba ka gudun iska kai tsaye. Tsere ne tsakanin lokuta biyu. Na ɗaya, lokacin da iska ke ɗauka ta yi tafiya mai nisa: raba 81,500 da gudunta. In ka ɗauka kilomita 2 ne a sakan, za ka sami sakan 40,750, awa 11 da ɗan kai. Na biyu, lokacin da iskar ke ɗauka ta huce. A mafi sauƙin lissafi, idan ka raba lokacin hucewa da lokacin tafiya, abin da ka samu shi ne tan na kusurwar gusawar. Danna tan 16 a kalkuleta, 0.29. Danna tan 30, 0.58. Ninka kowanne da awa 11.3. Iskar tana hucewa ke nan cikin awa uku zuwa shida da rabi.

Ka ga matsalar? Iska mai sauri da ke saurin hucewa, da iska mai nawa da ke riƙe zafi, duk za su iya ba ka kusurwa ɗaya. Shi ya sa hanya ta farko ta fi ƙarfi wajen nuna inda iska ta nufa, ba yawan gudunta ba. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa duniyoyin da suka fi tsananin zafi gusawarsu ƙarama ce, bambancin ranarsu da darensu kuma babba: abu mai zafi sosai yana zubar da zafinsa nan da nan, kafin iska ta kai shi ko'ina.

In kana son taɓa ainihin bayanan da hannunka

Madubin TESS da aka harba a 2018 yana kallon kowane yanki na sama kusan kwana 27, kuma bayanansa suna rumbun MAST kyauta. Sa Python a kwamfutarka, ka ɗora manhajar Lightkurve. Nemo tauraron WASP-18, ka sauke awon haskensa na kowane minti biyu. Share wuraren da na'urar ta yi tangarɗa, waɗanda galibi an riga an yi musu alama. Sai ka naɗe bayanan a kan tsawon zagayen duniyar, kwana 0.94, yadda duk zagayen za su hau kan juna, sannan ka tara ɗigogin gida-gida ka ɗauki matsakaicin kowane gida. Husufin zai fito, kusan kashi 340 cikin miliyan.

Kada ka yi amfani da umarnin Lightkurve na daidaita layin haske da ƙaramar tagar lokaci, zai goge hawa da saukar da kake nema tare da dattin. Kuma za ka ga tudu biyu a zagaye ɗaya maimakon guda. Wannan ba iska ba ce. WASP-18b ta ninka Jupita nauyi kusan sau goma, tana jan tauraronta har ya ɗan yi siffar ƙwai, to idan ya nuna mana gefensa mai faɗi sai haske ya ƙaru. Sai ka cire wannan tukuna. Bayan ka cire, za ka tarar ƙololuwar tana kusan daidai da husufi, gusawar ba ta taka kara ta karya ba. Kada ranka ya ɓaci, sakamako ne na gaske, kuma ya dace da abin da muka faɗa game da masu tsananin zafi.

Hanya ta biyu: sauraren motsin iskar kanta

Wannan ita ce ke ba da kilomita a sakan. Ka tuna jiniyar motar asibiti: tana tahowa muryarta siririya, tana wucewa ta yi kauri. Haske ma haka yake. Abin da ke tahowa wajenka launinsa yana gusawa wajen shuɗi, wanda ke tafiya yana gusawa wajen ja.

Lokacin da duniyar ke gittawa, wani ɗan haske na tauraron yana ratsa iskar da ke gefe-gefenta kafin ya iso mu. Kowane sinadari yana cinye launinsa na musamman, ya bar siririn baƙin layi. Sodiyam, wanda ke cikin gishirin miya, yana barin layi biyu a wajen nanomita 589.0 da 589.6, nanomita kuwa ma'aunin tsawon zangon haske ne, wanda shi ke nuna launi. Raba gudun iska da gudun haske, wato 2 da 300,000, ka ninka da 589. Gusawar layin ba ta wuce nanomita 0.004 ba. Saboda ƙanƙantarta ne ake bukatar na'urori irin HARPS da ke La Silla, ko ESPRESSO da CRIRES da ke kan madubin VLT a Paranal, duk a ƙasar Chile.

Jerin aikin kuwa haka yake. A ɗauki bakan tauraron, wato haskensa a rarrabe launi-launi kamar bakan gizo, kafin gittawa da lokacinta da bayanta. A cire layukan da iskar duniyarmu ta ƙara, musamman na tururin ruwa. A raba bakan lokacin gittawa da na wajenta, abin da ya rage shi ne na duniyar. Sai a cire gudunta na zagaye. Lissafa shi: ninka miliyan 4.6 da 6.28, raba da 191,700, kusan kilomita 151 a sakan. A cikin gittawar da ba ta cika awa biyu ba, kason wannan gudu da ke fuskantarmu yana sauyawa daga kusan 16 na tahowa zuwa 16 na tafiya. Ka ga iskar kilomita 2 ƙaramar alhaki ce a gabansa. In hanyar zagayen ta kauce wa cikakkiyar da'ira da kashi ɗaya cikin ɗari kawai ba ka sani ba, za ta iya ƙirƙiro maka iskar ƙarya ta kilomita ɗaya da rabi. Don haka sai ka tabbatar da siffar hanyar kafin ka yarda da amsarka.

Ignas Snellen da tawagarsa ne suka fara cin nasarar wannan a 2010, a kan HD 209458b, inda layukan iskar kabon monoksaid suka gusa wajen shuɗi da kusan kilomita 2 a sakan, alamar iska mai kwarara daga rana zuwa dare. A 2015 Tom Louden da Peter Wheatley na Jami'ar Warwick a Ingila suka ƙara gaba, suka raba gefuna biyu na HD 189733b. Dabarar ita ce, a farkon gittawa gefen gaba ne kaɗai ke kan tauraron, a ƙarshenta kuma gefen baya. Gefen gaba shi ne asuba, inda iska ke fitowa daga dare ta shiga rana. Gefen baya shi ne almuru. Sun sami gefen asuba yana tafiya da 2.3, na almuru yana tahowa da 5.3.

Yanzu ɗauko 2.7 ɗin da ka ja wa layi. A almuru, 5.3 a cire 2.7, saura 2.6 na iska zalla. A asuba kuwa 2.3 bai ma kai juyin ba. Me ya faru? Iska biyu ce ke aiki tare. Igiyar gabas tana ƙara tahowa a almuru, tana ƙara tafiya a asuba. Iskar rana zuwa dare kuwa tana tahowa wajenmu a duka gefunan, tunda dare ne ke kallonmu. A almuru sun haɗa kai, a asuba sun ci karo sun kashe juna. Sai dai ka tuna kowane adadi a cikin biyun yana da kuskuren da ya kai kilomita ɗaya ko fiye, don haka amsar da za ka rubuta ita ce wajen kilomita 2 a sakan. Wannan kilomita 7,200 ne a awa, iskar da za ta tashi daga Kano ta isa Legas cikin minti bakwai.

Abubuwan da za su iya yaudararka

Gajimare ne na farko. A kan Kepler-7b an ga wuri mafi haske a yamma, amma awon da hasken ido aka yi shi, kuma abin da ya haskaka gajimare ne da suka taru a gefen asuba mai ɗan sanyi suna mayar da hasken tauraron. Iskar tana nan gabas abinta. Don haka kafin ka ce yamma, tambayi kanka: zafi nake gani ko ƙyalli? Gajimaren dare ma suna rufe zafin da ke ƙarƙashinsu su rage gusawar. A WASP-43b, mai zagaye cikin awa 19 da rabi, madubin James Webb ya nuna rana tana kusan digiri 1,250, dare kusan 600, da gajimare masu kauri. Can ma an samu wata shaida ta daban: a irin sanyin darenta ya kamata iskar mitan ta samu, amma ba a gan ta ba, domin iska tana juya kayan ta mayar da su rana kafin sinadaran su sami sukunin sauyawa.

Akwai kuma waɗanda suka ƙi bin ƙa'ida da gaske. CoRoT-2b, a awon Spitzer da Lisa Dang ta jagoranta a 2018, wurin zafinta yamma yake ko a infared. A HAT-P-7b kuwa bayanan madubin Kepler na shekaru huɗu sun nuna wuri mafi haske yana kai da komo tsakanin gabas da yamma. Ɗaya daga cikin bayanan da aka kawo shi ne maganaɗisu: idan zafi ya yi yawa ƙwayoyin sodiyam da fotasiyam suna ɗaukar cajin lantarki, sai maganaɗisun duniyar ya riƙe iskar ya ja ta baya.

Na ƙarshe, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci, shi ne tsayi. Kowane layi yana fitowa daga wani bene na sararin duniyar. A 2020 David Ehrenreich ya ga tururin ƙarfe a gefen almuru na WASP-76b, babu shi a gefen asuba, abin da aka fassara da cewa tururin ƙarfen yana komawa ruwa ya zubo cikin dare. A 2025 Julia Seidel da abokan aikinta suka haɗa madubai huɗu na VLT a kan WASP-121b, suka bi sinadarai uku. Ƙarfe, a bene na ƙasa, yana kwarara daga rana zuwa dare. Sodiyam a samansa yana gudu cikin igiyar gabas. Haidurojin a can ƙoli yana nuna wani tsari na dabam. A shekarar dai Lisa Nortmann ta ga layukan tururin ruwa da kabon monoksaid na WASP-127b sun rabu gida biyu, ɗaya shuɗi ɗaya ja, alamar igiya mai gudun kusan kilomita 9 a sakan idan an haɗa da juyin duniyar, wato kusan 33,000 a awa.

Saboda haka idan ka zo rubuta sakamakonka, kada ka rubuta adadi shi kaɗai. Rubuta sunan duniyar, da sinadari ko launin hasken da ka auna, da gefen da ka auna, da gudun juyin da ka cire, da girman kuskuren. Sannan ka koma rumbun NASA ka ɗauko alƙaluman WASP-127b, mai zagaye cikin kwana 4.18, ka lissafa juyinta kamar yadda muka yi a mataki na biyu, ka ajiye shi gefen kilomita 9 ɗin nan ka ga sau nawa wannan gudu ya ninka shi.